Balkisa mai gadon zinariya: daga ina sunan ya fito, kuma da laifi a sa wa ɗiya?

Tambaya: Malam, barka da war haka. Ina rubuto maka daga unguwar Birni a nan Zinder. Allah ya sauki iyalina lafiya, an samu ɗiya mace, suna ranar Lahadi. Niyyata in mayar da sunan mahaifiyata, a gafarce ni da faɗarsa, Balkisa. To sai wani abokina ya nuna mini a waya wai ma'anar sunan ƙwarƙwara, wani kuma ya ce ai uwar Balkisa aljana ce, ita kanta rana take bauta wa, kuma sunan ma babu shi cikin Alƙur'ani. Hankalina ya tashi. Mece ce ainihin ma'anarsa, kuma da laifi in sa?

Amsa: Angon ƙarni, barka da arziki. Allah ya raya ta, ya ƙara wa mai jego lafiya. Tun da Lahadi ta matso, bari in fara sauke maka nauyin da ke ranka kafin doguwar magana: ka mayar da sunan Hajiya, babu laifi ko kaɗan. Abokan naka kuwa ba zan ce ƙarya suka yi maka ba. Kowannensu sakaina ya tsinta a bakin hanya, ya kawo maka ya ce ga ƙwarya.

Wanda ya ce sunan babu shi cikin Alƙur'ani ya fi su gaskiya, don haka abin yake. Labarin matar yana cikin Suratun Namli, sura ta 27, daga aya ta 20 zuwa ta 44. In Alƙur'aninka na Warshu ne irin na makarantun allonmu, lambar za ta iya gocewa kaɗan, saboda lissafin Madina ya ƙirga surar aya 95, na Kufa kuma 93. Ka karanta daga farko har ƙarshe, ba za ka ji an kira ta da suna ba. Cewa kawai aka yi wata mace ce tana mulkin mutanen Saba. Sai dai wannan ba aibi ba ne. Mace ɗaya tak aka ambata da sunanta a duk Alƙur'ani, ita ce Nana Maryam. Babu Hauwa'u, babu Saratu da Hajara, kai har Nana Khadija da A'isha da Faɗima babu su da suna. Da rashin zuwa cikin Alƙur'ani yana hana suna, da rabin matan Damagaram sai an sake musu yanka.

Zan ɗan jima a kan labarin kansa, domin nan ne sunan ya samu nauyinsa, kuma na lura mutane sun fi haddace ƙawar da aka yi wa labarin fiye da abin da ayoyin suka faɗa.

Annabi Sulaiman ya duba rundunar tsuntsaye bai ga alhudahuda ba, ya ce ko dai ya zo da hujja bayyananna, ko ya sha azaba, ko a yanka shi. Bai jima ba sai ga shi, ya ce ya zo daga Saba da labari tabbatacce: mace ce ke mulkinsu, an ba ta daga kowane abu, tana da gadon sarauta mai girma, amma ita da mutanenta rana suke yi wa sujada. Annabi Sulaiman ya ba shi wasiƙa ya jefa musu. Daga nan sai ka sa ido a kan abin da ke fita daga bakin matar nan. Da ta tara fadawanta ba ta ce wani ya aiko mana da raini ba, cewa ta yi an jefo mata wasiƙa mai daraja, ta karanta musu, ga Bisimilla cikakkiya a cikinta. Wannan ce ta sa Suratun Namli take da Bisimilla biyu, ɗaya a kai ɗaya a ciki, har adadin ya cika 114 duk da Suratut Tauba ba ta da ko ɗaya. Sannan ta ce su ba ta shawara, ita ba ta yanke hukunci sai suna nan. Suka ce mu masu ƙarfi ne, mayaƙa ne, amma magana tana hannunki. Maza ke nan, an taɓa su, jini ya hau. Ita kuwa sai ta ce sarakuna idan suka shiga gari ɓata shi suke yi, su mayar da masu darajarsa ƙasƙantattu. Ayar ta rufe da cewa haka kuwa suke aikatawa, kuma an ruwaito daga Ibn Abbas cewa wannan guntun na ƙarshe maganar Allah ce yana gaskata ta.

Ɗan Birni ba ya bukatar a yi masa dogon tafsirin wannan ayar. A 1899 sojojin Faransa suka ci rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini suka shigo Zinder, ba a jima ba aka kashe sarkin. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin ƙulla makirci, suka kai shi Kwaddibuwa, suka miƙa riƙon gari ga Ballama, bawan fada, kuma sarauta ba ta koma gidanta ba sai 1923. In za a faɗi gaskiya, mu ma sarakunanmu da suka ci garuruwan maƙwabta zamanin Sarki Tanimun ba da goro da dabino suka shiga ba. Abin da matar nan ta hango ke nan tun tana zaune a fadarta, kafin a zare takobi ko ɗaya.

Sai ta aika da kyauta don ta gwada ko sarkin duniya ne da za a toshe wa baki da dukiya. Aka mayar mata da kayanta. Ta gane, ta taso da kanta. Kafin ta iso, wani ifritu ya ce zai kawo gadonta kafin Annabi Sulaiman ya tashi daga zaman fada, wani kuma da ke da ilimi daga Littafi ya ce zai kawo shi kafin ƙiftawar ido, masu tafsiri da yawa sun ce shi ne Asifu ɗan Barkhiya. Aka sauya wa gadon kama, aka tambaye ta: haka gadonki yake? In ta ce shi ne, ai ta baro nata a Saba cikin tsaro. In ta ce ba shi ba ne, ga shi idonta yana gaya mata shi ne. Sai ta ce kamar dai shi ne. Duk malamin da ya karantar da wannan wurin sai ya tsaya ya yaba amsar, kuma ni ma da ɗalibaina nakan tsaya, don da wuya ka samu mai mulki da zai iya riƙe harshensa daidai inda saninsa ya tsaya. Daga nan aka ce ta shiga farfajiyar fada, ta ga daɓen gilashi ta zaci ruwa ne mai zurfi, ta ɗage tufa har ƙwaurinta ya bayyana, aka ce mata gilashi ne. Nan take ta ce ya Ubangiji na zalunci kaina, na miƙa wuya tare da Sulaiman ga Allah Ubangijin halittu. Ka lura da harafin. Tare da Sulaiman ta ce, ba ga Sulaiman ba. Ko a wurin miƙa wuya ta san wanda ake miƙa wa.

To ga amsar mai cewa rana take bauta wa. Ta bauta, ta bari. Sayyidina Umar da Khalid ɗan Walid ma a kan bautar gumaka suka tashi, ban kuma ji wanda ya fasa sa sunansu ba. In kana son ka ga girmanta sosai, ka ajiye ta kusa da Fir'auna. Shi ma sarki ne, shi ma Annabi ya zo masa, shi ma yana da fadawa, amma abin da ya ce musu shi ne ba na nuna muku sai abin da na gani. Shi ya ga ruwa na gaske ya kutsa ya halaka, ita ta ga abin da ya yi kama da ruwa ta gane idonta yana iya ruɗinta, ta tsira.

Sunan kansa daga littattafan tafsiri da tarihi ya zo. Ibn Kasir ya kawo daga Hasanul Basari cewa ita ce Bilƙisu ɗiyar Sharahilu, sarauniyar Saba. Wasu sun ce sunan ubanta Hadhadu. Ɗabari a tarihinsa ya kawo mata wani sunan ma, Yalmaƙa, wasu littattafan kuma Balƙama. Wannan yawan saɓani kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ba da wahayi sunan ya sauka ba, labari ne na mutanen Yaman da Ahlul Kitabi da ya shigo hannun malamai suka karɓa, har ya zama in an ce Bilƙisu kowa ya san wadda ake nufi.

Ma'anarsa fa? Nan ne zan ba ka amsar da ba ta da daɗin ji amma ita ce daidai. Sunan ba shi da saiwa a Larabci irin yadda A'isha ta fito daga rayuwa, ko Amina daga aminci. Ka buɗe Ƙamus na Fairuzabadi, wanda manyan malamanmu na zaure suke ji da shi, abin da za ka tarar bai wuce layi ɗaya ba: Bilƙisu, da kisira, sarauniyar Saba. Shi ke nan. Ƙamusun da ke tsaga kalma gida goma bai ce ma'anarta kaza ba, ya ce wance ce. Saboda haka shafukan intanet da ke rubuta maka cewa Bilkisu tana nufin kyakkyawa, ko mai hikima, ko sarauniya, halayen matar suka kwaso suka manna wa kalmar. Ba cutarwa a ciki, amma ba fassara ba ce. Kisirar nan da Ƙamus ya ambata ita ce ta ba Kano da Zariya Bilkisu. Mu nan Nijar muka fi cewa Balkisa da fataha, kuma ba mu kaɗai ba ne, Larabawa da yawa a yau Balƙis suke cewa.

Zancen ƙwarƙwara daga wasu Turawa masu nazarin harsunan Gabas ya fito tun ƙarni na 19. Da suka ga kalmar ba Balarabiya ba ce, sai suka shiga neman danginta a wasu harsuna. Wasu suka ce ta yi kama da pallakis ta Girkanci da pilegesh ta Ibrananci, waɗanda duka suke nufin sa-ɗaka. Wasu suka ce a'a, kuskuren alƙalami ne. Akwai wani Bayahude marubucin tarihi, Yusifus, wanda wajen shekara ta 94 bayan haihuwar Annabi Isa ya rubuta da Girkanci cewa sunan matar Nikaule, sarauniyar Masar da Habasha. To in aka rubuta wannan sunan da baƙaƙen Larabci irin na da, lokacin da ba a cika sa ɗigo ba, nunun farko da ba haƙori ɗaya ne, sauran baƙaƙen kuma suna iya rikiɗa a hannun mai kwafi. Duk wanda ya yi zaman allo ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Mu da muka tashi da rubutun Warshu muna sa wa ƙaf ɗigo ɗaya a sama, fa kuma ɗigo ɗaya a ƙasa, ranar da aka fara miƙo mana bugun Masar sai muka riƙa karanta fa a matsayin ƙaf, malam yana ɗaga bulala. Akwai kuma masu danganta Yalmaƙa ɗin nan da Almaƙah, abin bautar mutanen Saba. Hasashe uku ke nan, kowanne yana rushe ɗan'uwansa, kuma babu wanda aka kafa da hujja yankakkiya. Abokinka ya ɗauki mafi muni cikinsu ya kawo maka kamar hukuncin alƙali.

Ko da a ce hasashen farko ya tabbata, ba zai taɓa ɗiyarka ba. Suna yana ɗaukar ma'anar da masu kiransa suka sani. Sunayen da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza, waɗanda muninsu yake a fili ne ga mai ji. Ya mayar da Asiya mai ainun da sadi, wato mai saɓo, ta koma Jamila, ya mayar da Barra ta koma Zainab don kada a ce tana yabon kanta. Shekara fiye da dubu Musulmi suna kiran Bilƙisu, ba wanda ya taɓa nufin sa-ɗaka da shi. In kamannin sauti ne abin bi, sai mu ce Bala daga bala'i ya fito, alhali ɗan Laraba ne, Sale kuma mu ce da Faransanci mai gishiri ke nan.

Zancen aljana ya fi wannan tsufa, kuma a cikin littattafanmu yake, ba zan ɓoye maka ba. Masu ƙissoshin annabawa irin su Sa'alabi sun kawo cewa ubanta ya ga babu ɗiyar sarkin da ta kai ya aura, sai ya auri aljana mai suna Raihana, ta haifa masa ita. Suka ɗora da cewa aljanu sun ji tsoron kada Annabi Sulaiman ya aure ta su haifi ɗa da zai ci gaba da bautar da su, sai suka kai tsegumi wai hankalinta da saura, wai ƙafarta kofaton jaki ce, wai ƙwaurinta duk gashi. Wai don a gwada hankalin aka sauya gadon, don a ga ƙafar kuma aka yi daɓen gilashi. Da aka ga ƙafa lafiya lau sai gashi, wai aljanu suka haɗa maganin cire gashi, wai daga nan duniya ta san shi. Akwai kuma na kyautar da ta aika: samari cikin kayan mata, ƴammata cikin kayan maza, a ga ko zai rarrabe, sai ya sa aka kawo ruwa ya gane su daga yadda kowa yake wanke fuska, da wani dutsen ado mai karkataccen rami da tsutsa ta ratsa da zare a baki. Labarai ne masu daɗin hira bayan isha'i, ni ma da su aka rene ni.

Amma ka ji abin da masu tace ruwaya suka ce. Hadisin da ake jingina wa Abu Huraira cewa ɗaya daga iyayen Bilƙisu aljani ne, Ibn Kasir ya ce baƙon hadisi ne kuma isnadinsa yana da rauni. Doguwar ruwayar gashin ƙwauri ya kira ta munkara, ya ce mafi kusa shi ne irin waɗannan daga Ahlul Kitabi aka kwaso su, ta hanyar masu ruwaya irin su Ka'abul Ahbari da Wahabu ɗan Munabbih. Mawardi ya ce hankali ba ya karɓar a ce uwarta aljana ce, don jinsin biyu sun saɓa. Kuma maganar Ibn Kasir ta dace da abin da ke rubuce: wani tsohon littafin Yahudawa, Targum Sheni, yana ɗauke da tsuntsu ɗan aike, da daɓen gilashi, da gashin ƙafa. Ni a ganina akwai wani abu a ƙarƙashin zancen aljanar nan. Mutane sun ga mace ta fi majalisar maza hangen nesa, abin ya yi musu nauyi, sai suka nemo mata uwa daga wani jinsi. Mu ma ai haka muke yi, mace in ta cika ƙwazo sai ka ji an ce wance ba ita kaɗai ba ce.

Hatta auren da kowa ya ɗauka tabbas ne, Alƙur'ani bai faɗa ba. Labarin ya tsaya a musuluntarta. Wasu ruwayoyi sun ce ya aure ta ya bar ta a kan mulkinta yana kai mata ziyara duk wata, wasu sun ce ya aurar da ita ga wani sarkin Hamdan.

Saba kuwa ƙasa ce ta gaske, ba ta labari ba. Babban birninta Ma'arib, gabas da Sana'a a Yaman, ta yi arziki da fataucin lubban da mur, ayarin raƙuma yana kai su arewa, kamar yadda ayari yake tashi daga nan Zango ya nufi Agadas da Tarabulus. Suna da madatsar ruwa da ta shayar da gonaki fiye da shekara dubu. Suratu Saba, sura ta 34, ta ba da labarin lambuna biyu dama da hagu da ambaliyar da ta cinye su. Abrahata mai giwaye ya gyara madatsar a tsakiyar ƙarni na 6, kafin ƙarshen ƙarnin ta rushe gaba ɗaya, sai a 1986 aka buɗe sabuwa kusa da kufan tsohuwar. Har gobe akwai wurare biyu a Ma'arib da mutanen wurin suke kira Mahram Bilƙis da Arshu Bilƙis, na biyun ginshiƙai biyar ne a tsaye da na shida a karye, kuma a 2023 UNESCO ta sa kufan Saba cikin kayan tarihin duniya. Sai dai rubutun da aka sassaƙa a duwatsun ya nuna ɗakunan bautar Almaƙah ne, mutane ne suka laƙaba musu sunanta daga baya. An karanta dubban irin wannan rubutu, an samu sarakuna kamar Karib'il Watar, ba a samu sunan Bilƙisu ba. Rubutun Assuriyawa na ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa ya ambaci sarauniyoyin Larabawa, Zabibe da Samsi, amma a arewa suke, kuma bayan zamanin Annabi Sulaiman. Wannan bai girgiza komai cikin imaninka ba, tun da Alƙur'ani dama bai ba da suna ba.

Wasu al'ummu ma sun ce tasu ce. Littafin Sarakuna na Farko a Baibul, babi na 10, ya ce ta zo da tambayoyi masu wuya da zinariya talanti 120 (talanti ma'aunin nauyi ne na zamanin da), shi ma bai faɗi sunanta ba. Habasha suna kiranta Makeda, kuma littafinsu Kebra Nagast na ƙarni na 14 ya ce ta haifa wa Sulaiman ɗa, Menelik na Farko. Ba wasa suka ɗauki zancen ba, tsarin mulkinsu na 1955 ya rubuta cewa Haile Selassie daga wannan tsatson ya fito, aka tafi a haka har aka tuɓe shi a 1974. Can ƙasar Ijebu a jihar Ogun ta Najeriya akwai wata ganuwa da gwalalo mai tsawon kusan kilomita 160, Eredo, da kabari a Oke-Eri da ake ziyarta ana cewa na Bilikisu Sungbo ne, ko da yake masu tonon tarihi sun nuna an yi ganuwar ƙarnoni masu yawa bayan zamanin Annabi Sulaiman. A Yaman ɗin kanta, Sarauniya Arwa da ta yi mulki daga Jibla ta rasu a 1138 ana yi mata laƙabi da Bilƙisu Ƙarama. Kusa da mu kuma akwai Hajiya Bilkisu Yusuf, ƴar jaridar Kano da ta zama editar Sunday Triumph da New Nigerian, wadda ta rasu a turmutsutsun Mina a 2015.

Bahaushe shi ma ya ɗauki rabonsa, kuma ya ɗauka da basira. Al'adarmu ce mu ciro wa suna laƙabi daga labarin mai shi na farko. Musa ya zama Kalla saboda Allah ya yi magana da shi, Hauwa ta zama Maijidda saboda ana cewa a Jidda kabarinta yake. Balkisa sai ta zama Maigado, kirarinta mai gadon zinariya. Kalmar arshi da ta zo a ayar ce aka fassara da gado, wato gadon sarauta, karaga. Zinariyar daga masu tafsiri ta zo, ayar cewa ta yi mai girma kawai. Ina yaro akwai goggona Balki a Zango, in an yi biki zabiya ta hango ta sai ta ɗaga murya da kirarin nan, goggo ta sunkuyar da kai tana kwance bakin zane tana neman ƴan dala. Ni kuwa na daɗe ina ɗauka gadon kwana ake nufi, irin na ƙarfe mai rumfa da ake yi wa amare a jibga katifu har sai an taka kujera, ina mamakin yadda ifritu zai ɗauko shi da gidan sauro. Wasu kuma suna jan wasalin su ɗauka gado ne na dukiyar mamaci. Ba shi ba ne, gajeren wasali ne, na zama. Alhudahuda ma ya ci albarkacin labarin. Ka gan shi a lambu da tukkunsa yana dungura baki a ƙasa kamar mai sujada, muna yara in ka ɗaga masa danƙo sai babba ya buge hannunka ya ce malamin tsuntsaye ne. Suna da hujja, Abu Dawuda ya ruwaito hanin kashe shi tare da tururuwa da ƙudan zuma.

Laƙabin nan zai yi maka rana, don na ga ko a rubuce sai da ka nemi gafara kafin ka faɗi sunan. Kai ba za ka iya kwala wa yarinya kira da sunan mahaifiyarka a tsakar gida ba, mai ɗakinka kuwa ko da wasa ba za ta kama sunan surukarta ba. Sai ku tsayar da abin kira tun ranar suna, ko Maigado, ko Ummi, ko Mama, kafin ƴan'uwa su raɗa mata wanda ba ku so ya bi ta. Hajiya kaɗai ce za ta kira ta takwara, kuma ka shirya, kayan barka daga ɗakinta zai fi na kowa nauyi.

Abu ɗaya da ya fi zancen aljana zama matsala a gare ku shi ne rubutu. A takardun boko na Nijar za ka ga Balkissa, Balkissou, Bilkissou, har da Balki tsurarsa. Na taɓa yin ɗaliba da takardar haihuwarta ta ce Balkissa, rajistar lakwal ta ce Balkissou, ba wanda ya kula sai da za ta zauna jarrabawar BEPC, ubanta ya yi makonni yana safa da marwa tsakanin ofisoshi a kan baƙi biyu. In liman ya yi huɗuba ya ce Bilƙisu, maroƙi ya fita ƙofar gida ya shelanta Balkisa, duka ɗaya ne, kada ka gyara wa kowa. Amma ranar da za ka je yin takardar haihuwa, ka ɗauki katin Hajiya a aljihu, ka rubuta wa ma'aikacin sunan da hannunka baƙi bayan baƙi, ka karanta abin da ya buga kafin a sa hatimi. Ka gaishe mini da Hajiya, kuma a ajiye mini goron suna.